Ɗaura dibaga a kan sabar da ke aiki: kama furoses, kafa shinge, da tsere da agogo

Akwai irin kuskuren da ba ya fitowa sai a kan sabar. A kwamfutarka shafi yana buɗewa lafiya ƙalau, amma da an ɗora shi a sabar gwaji sai ya riƙa dawo da 500, lambar da ke nufin kuskure a cikin sabar, littafin rajista kuma bai faɗi komai ba sai layi ɗaya da ba ya ƙosarwa. Abin da aka saba shi ne a cusa layukan buga saƙo cikin kod, a sake ɗorawa, a duba, a ƙara wani layin, a kuma ɗorawa. Hanya ce, sai dai doguwa. Gajeriyar ita ce a kawo dibaga, wato manhajar da ke tsayar da shiri yana tsakiyar gudu don a leƙa cikinsa, a ɗaura ta a kan sabar ba tare da an kashe ta ba.

Dibaga tana shiga aiki ta hanya biyu. Ko ita ce ta tayar da shirin tun farko, ko kuma ta tarar da shi yana gudu ta kama shi. Shirin intanet galibi na biyun ne, domin ba kai kake tayar da shi ba: IIS ne (sabar intanet ta Windows), ko systemd (mai tayar da shirye-shirye a Linux), ko Docker (mai gudanar da manhaja cikin keɓaɓɓen akwati da ake kira kwantena). Danna maɓallin kamawa ba wani abu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, furoses ɗin da za ka tsayar ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai masu gadinsa, akwai masu jiran amsarsa, kuma babu ɗaya cikinsu da ya san cewa kai ne ka riƙe shi da gangan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Kowane shiri da ke gudu a kwamfuta furoses ne, yana da lambarsa da ake kira PID. Dibaga irin su gdb suna kama shi ne daga waje, da izinin tsarin aiki. A Linux ana bi ta kiran da ake ce wa ptrace, wanda ke ba furoses ɗaya ikon tsayar da wani, ya karanta ƙwaƙwalwarsa, har ya rubuta a ciki. Idan ka kafa shinge a wani layi, wato wurin da kake so shirin ya tsaya, a kan injin x86 dibaga tana cire bait ɗaya daga umarnin da ke wurin ta maye gurbinsa da 0xCC. Da injin ya taka wannan bait sai ya ja birki ya miƙa mata linzami.

Java da Node.js da PHP da Python ba haka suke yi ba a aikin yau da kullum. A can injin harshen ne da kansa yake magana da dibaga ta wata ƙofar sadarwa mai lamba. Bambancin yana da amfani a sani, domin shi ke nuna maka inda za ka nemi matsala. Idan kamun waje ya ƙi, maganar izini ce. Idan na ƙofa ne ya ƙi, duba adireshi da katangar tsaro.

Wa za a kama?

A nan aka fi ɓata lokaci. Sabar intanet da wuya ta zama furoses guda. Akwai uban gida wanda aikinsa haihuwar ma'aikata da sa musu ido, sannan ma'aikatan da ke karɓar buƙatu. Idan ka kama uban gidan, haɗuwa za ta yi kyau, ba za a nuna maka wani kuskure ba, amma shingenka ba zai taɓa kama komai ba, domin kod ɗinka ba a jikinsa yake gudu ba. Haka Nginx, sabar da ke karɓar buƙatu a gaba: ba ya gudanar da PHP ko Python ko kaɗan, miƙa buƙata yake ga PHP-FPM ko Gunicorn da ke bayansa. Mai ɗaura dibaga a kan Nginx don neman kuskuren PHP ya kama ɗan aike ne ya bar mai saƙo.

A Windows, kod ɗin ASP.NET da ke ƙarƙashin IIS yana gudu ne cikin w3wp.exe, kuma kowane rukunin manhajoji, abin da IIS ke kira Application Pool, yana da nasa w3wp.exe. Sabar mai shafuka shida tana iya nuna maka guda shida masu suna iri ɗaya. Kada ka yi caca. Buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

C:\Windows\System32\inetsrv\appcmd list wp

Zai jero kowane PID tare da sunan rukuninsa. Daga nan sai Visual Studio, shi ma a buɗe shi da ikon mai gudanarwa, a danna Ctrl+Alt+P, a sa alama a akwatin nuna furoses na dukkan masu amfani, a zaɓi lambar. Idan babu w3wp.exe ko ɗaya a jerin, ba lalacewa aka yi ba. IIS ba ya tayar da ma'aikaci sai buƙata ta farko ta zo, kuma yana kashe shi idan ya yi minti 20 babu aiki. Buɗe shafin a burauza sau ɗaya, ka sabunta jerin. Umarnin netstat ba zai taimaka a nan ba, domin zai ce maka ƙofa 80 tana hannun PID 4 ne, wato zuciyar Windows kanta, ta hanyar HTTP.sys. Sannan manhajar ASP.NET Core da aka saita ta gudu a wajen IIS ba a w3wp.exe take ba, tana cikin dotnet.exe ko fayil mai sunan manhajar.

A Linux, ss -ltnp yana nuna wanda ke riƙe da kowace ƙofa, ps -ef --forest kuma yana zana wa ya haifi wa. Idan ma'aikata takwas ne, buƙatarka tana iya faɗawa hannun kowanne, don haka kama ɗaya bai wadatar ba. Mafi sauƙi a sabar gwaji a rage su zuwa guda: Gunicorn da --workers 1, Apache da httpd -X wanda ke gudanar da shi a furoses ɗaya tal. Django, tsarin gina shafuka na Python, yana da nasa tarkon. Umarnin runserver yana tayar da furoses biyu, ɗaya mai lura da canjin fayiloli, ɗaya mai ainihin aikin, kuma duk lokacin da ka adana fayil sai a kashe na biyun a haifi sabo da sabuwar lamba, haɗinka ya tsinke. Ƙara --noreload yana kashe wannan rawar.

Sai maganar izini. Idan gdb -p ya amsa da Operation not permitted, abu uku ake dubawa. Ma'aikacin yana gudu da sunan wani mai amfani ne, a Debian da Ubuntu galibi www-data, don haka sai da sudo. Ko kuma fayil ɗin /proc/sys/kernel/yama/ptrace_scope ne ya hana: 0 yana barin ka kama duk furoses ɗin da ke naka, 1 sai wanda ka haifa da kanka, 2 sai mai gudanarwa, 3 kuwa babu kowa har sai an sake kunna injin. Ubuntu yana zuwa da 1. Ko kuma wani ya riga ka, domin furoses ba ya karɓar mai kamu biyu a lokaci guda. Layin TracerPid a cikin /proc/PID/status zai nuna maka idan an manta da strace a maƙale. A kwantenar Docker kuma a ƙara --cap-add=SYS_PTRACE lokacin tayar da ita.

Ƙofofi da lambobinsu

Java tana so a faɗa mata tun lokacin tashi. Ana ƙara wannan a umarnin kunna ta:

-agentlib:jdwp=transport=dt_socket,server=y,suspend=n,address=5005

Daga Java 9 zuwa sama, rubuta lamba kaɗai yana nufin ƙofar tana sauraron cikin gida ne kawai. Masu so ta saurari waje suna rubuta *:5005, kuma za mu dawo kan haɗarin hakan. Tomcat ya sauƙaƙa: catalina.sh jpda start yana buɗe ƙofa 8000.

Node.js ya fi kowa sauƙin kai. Ana kunna shi da --inspect ya saurara a 127.0.0.1:9229. Idan ma an riga an kunna shi babu wannan, a Linux ana aika masa sigina da kill -USR1 da lambar furoses, ya buɗe ƙofar nan take ba tare da ya mutu ba, duk da sunan umarnin. Sai a shiga chrome://inspect ko VS Code a haɗa. Idan manhajar tana amfani da cluster, wato raba aiki ga ma'aikata da yawa, kowane ma'aikaci yana ɗaukar lamba ta gaba, 9230, 9231, haka dai. Python da debugpy tana amfani da 5678 bisa al'ada.

PHP ce ta juya lissafin, kuma ita ta fi rikita sabon shiga. Da Xdebug ba kai kake zuwa wurin sabar ba, sabar ce take kiran ka. Editanka ne yake buɗe ƙofa yana sauraro, sannan idan buƙata ta iso, Xdebug ya nemi adireshin da aka rubuta a xdebug.client_host ya ƙwanƙwasa. Dalili shi ne kowace buƙatar PHP gajeren rai gare ta, kafin ka je ka kama ta ta ƙare. A Xdebug 3, wanda ya fito a Nuwamba 2020, ƙofar 9003 ce. A Xdebug 2 kuwa 9000 ce, lambar da PHP-FPM ma ya saba zama a kanta, shi ya sa aka sauya. Tsofaffin bayanai da yawa har yanzu 9000 suke faɗa, da sunayen saiti irin su remote_enable da ba sa aiki a na uku. Abin da ake buƙata yanzu shi ne xdebug.mode=debug, sannan xdebug.start_with_request=trigger don kada ya riƙa kira a kowace buƙata sai wadda ke ɗauke da alamar XDEBUG_TRIGGER. Idan PHP tana cikin kwantena, localhost a wurinta ita kanta ce, ba kwamfutarka ba, don haka sai a rubuta host.docker.internal. A Linux wannan sunan ba ya zuwa da kansa, sai an ƙara --add-host=host.docker.internal:host-gateway. Idan duk da haka shiru kake ji, saita xdebug.log ka karanta, zai faɗa maka adireshin da ya kira aka ƙi amsawa.

Abu ɗaya da ke kuɓuce wa duk mai kamu daga baya shi ne kod ɗin farkon tashi, kamar karanta saiti da haɗuwa da rumbun bayanai. Kafin ka iso ya wuce. Maganinsa a sa shirin ya jira ka: suspend=y a Java, --inspect-brk a Node, --wait-for-client a debugpy. Sai dai a tuna a cire, domin sabar da aka bari da suspend=y za ta tsaya cak bayan kowace sake kunnawa tana jiran wanda ba zai zo ba.

An haɗa, amma shinge bai kama ba

Dibaga tana buƙatar taswirar da ke cewa layi na 214 a fayil kaza shi ne wuri kaza a cikin abin da ke gudu. A .NET taswirar ita ce fayil ɗin PDB, kuma dole ya fito daga gini ɗaya (wato zagaye ɗaya na juya kod zuwa shiri) da DLL ɗin da ke kan sabar, fayil ɗin da ke ɗauke da kod ɗin da aka juya. Ko da ba ka canza komai da ka sani ba, PDB na wani ginin yana iya ƙin dacewa. Alamar ita ce jan ɗigon shinge ya koma fanko, da gargaɗin cewa ba a loda alamomi ba. Tagar Modules a Visual Studio tana nuna daga ina aka ɗauko kowane DLL da kuma ko an sami taswirarsa. Sau da yawa a nan mutum zai gano cewa sabar tana gudanar da tsohon gini ne tun na makon jiya, kuma wannan kansa shi ne kuskuren da ake nema.

A PHP da Python da Node matsalar ta hanyar fayil ce. A kwamfutarka fayil yana C:\aiki\kasuwa\oda.php, a sabar yana /var/www/html/oda.php. Idan ba ka gaya wa edita cewa waɗannan manyan fayilolin biyu abu ɗaya ne ba, zai kafa shinge a wurin da sabar ba ta sani ba. TypeScript kuma yana buƙatar fayilolin .map, domin abin da ke gudu JavaScript ne da aka juya. Ginin da aka tace don sauri yana da nasa abin mamakin: za ka ga kibiya tana tsallake layuka, wasu ma'ajiyan ƙima kuma a ce maka babu su, domin mai ginin ya haɗe su ko ya zubar da su.

Akwai kuma akasin haka, shinge ya riƙa kama abin da ba ka aiko ba. Burauza tana neman favicon.ico da kanta, tana aika OPTIONS kafin wasu buƙatun, mai rarraba kaya, wato mai raba buƙatu tsakanin sabobi, shi kuma yana ƙwanƙwasa sabar kowane 'yan daƙiƙu don ya ga ko tana raye. Idan shingenka yana kan hanyar da kowa ke bi, duk za su tsaya a kansa. Sai a sa masa sharaɗi, misali ya tsaya kawai idan lambar oda ta zama 7731. Amma sharaɗi ba kyauta ba ne: ana auna shi a duk wucewa, kuma cikin madauki mai zagaye dubu ɗari zai mayar da sabar kamar kunkuru.

Agogunan da ba su san da kai ba

Ka tsaya a shinge, kana duba ƙimomi a natse. A idon duk wanda ke waje, ma'aikacin nan ya sandare. Kuma an gina sabar ne musamman don ta kawar da ma'aikacin da ya sandare.

IIS yana taɓa kowane w3wp.exe duk daƙiƙa 30 don ya ji ko yana raye, idan kuma ya yi daƙiƙa 90 bai amsa ba sai ya kashe shi. Shi ya sa mutum zai yi minti ɗaya da rabi yana tunani, kwatsam Visual Studio ya ce an rufe furoses. Gyaran yana cikin Advanced Settings na rukunin: a mayar da Ping Enabled zuwa False, ko a ƙara lokacin jiran amsa. Gunicorn ya fi gajen haƙuri, daƙiƙa 30 ne, sai ka ga WORKER TIMEOUT a rajista an haifi sabon ma'aikaci, kuma --timeout 0 ne ke hana shi. Nginx ba ya kashe kowa, amma bayan daƙiƙa 60 yana yanke ƙauna ya ba burauza 504, lambar ƙarewar lokacin jira, ta saitin proxy_read_timeout ko fastcgi_read_timeout. Wannan ya fi ruɗarwa, domin dibagarka tana nan a haɗe, kana ci gaba da takawa layi bayan layi, alhali wanda ya aiko buƙatar ya riga ya tafi. Idan kod ɗin ya zo rubuta amsa sai ya gamu da tsinkakken haɗi, ya jefa wani sabon kuskure da ba shi da alaƙa da wanda ka fito nema. A Kubernetes, mai kula da kwantenoni, gwajin rai (duba ko kwantena tana raye) da aka bari a saitinsa na asali yana zuwa duk daƙiƙa 10, faɗuwa uku a jere kuma a sake kunna kwantenar, wato kusan rabin minti ke gare ka.

Rumbun bayanai ma yana ƙirga nasa. Idan ka tsaya a tsakiyar ma'amala da rumbun bayan ta riga ta kulle wasu layukan bayanai, makullin yana hannunka har ka saki. A MySQL duk wanda ke jiran waɗannan layukan zai haƙura na daƙiƙa 50 sannan ya faɗi da kuskuren jiran makulli. Idan rumbun gwaji na tarayya ne, abokan aikinka za su fara ganin matsalar da ba su san daga ina ta fito ba.

Sai tambayar me ke tsayawa idan shinge ya kama. A Node.js zare ɗaya ne, wato layin aiki guda cikin furoses, ke gudanar da kod ɗinka, don haka komai ya tsaya, har buƙatun sauran mutane. A Java akwai zaɓi, ya danganta da edita: IntelliJ yana tsayar da dukkan zaruruwa idan ba ka canza ba, Eclipse kuwa wanda ya taka shingen kaɗai. Kowanne da aibinsa. Tsayar da duka yana daskarar da sabar. Tsayar da ɗaya yana barin sauran su ci gaba da canza bayanan da kake kallo. Kuskuren da ke faruwa saboda zare biyu suna rige-rigen taɓa abu ɗaya kuwa, da ka tsayar da su sai ya yi ɓatan dabo, domin ka sauya lokacin da ke haifar da shi. Irin wannan, a ganina, ba aikin shinge ba ne tun asali.

Kallo ma yana iya taɓawa. Idan ka buɗe wani abu a tagar dubawa, dibaga tana kiran kod ne don ta nuna maka ƙimarsa. Buɗe QuerySet na Django, wato tambayar da aka shirya ba a aika ba tukuna, yana aika ta zuwa rumbun bayanai. Abin da Hibernate, mai haɗa Java da rumbun bayanai, ya jinkirta lodawa yana iya loduwa saboda ka leƙa shi, sai kuskuren ya ɓace muddin kana kallo, ya dawo da ka cire ido.

Sabar da jama'a ke amfani da ita

Ƙofar JDWP, wato ta dibagar Java, ba ta tambayar kalmar sirri. Ta Node ma haka. Duk wanda ya iso gare su yana iya gudanar da umarnin da ya ga dama da ikon manhajarka, ya karanta kalmar sirrin rumbun bayanai daga ƙwaƙwalwa. Saboda haka *:5005 ko --inspect=0.0.0.0 a injin da intanet ke gani daidai yake da barin shago a buɗe da dare. A bar ƙofar tana sauraron cikin gida, a ja bututun SSH, wato ɓoyayyar hanya tsakanin kwamfutarka da sabar:

ssh -L 9229:localhost:9229 suna@sabar

Yanzu ƙofa 9229 ta kwamfutarka tana kaiwa can a ɓoye. Don Xdebug, tunda shi ne mai kira, bututun juyawa yake: -R 9003:localhost:9003. A Kubernetes kubectl port-forward ke yin wannan aikin. Visual Studio 2022 yana amfani da msvsmon.exe a ƙofa 4026, kuma yana da zaɓin aiki babu tantancewa wanda bai kamata a taɓa shi ba.

Ko da an tsare ƙofa, kafa shinge mai tsayarwa a sabar da kwastomomi ke kai kuskure ne sai in babu makawa. Idan dole ne, a fara cire injin ɗaya daga hannun mai rarraba kaya, a jira buƙatun da ke kansa su ƙare, sannan a aika masa buƙata kai tsaye. Mafi yawan lokuta ma akwai abin da ya fi. Shingen da ba ya tsayarwa, wanda VS Code da Chrome ke kira Logpoint, Visual Studio kuma Tracepoint, yana rubuta ƙimar da kake so ya wuce, ba sai an sake ɗora kod ba. Idan sabar ta maƙale ne kana son sanin inda ta tsaya, jstack a Java ko py-spy dump --pid a Python za su nuna maka matsayin kowane zare cikin ƙiftawar ido. Idan ana son dukkan ƙwaƙwalwar, dotnet-dump ko procdump -ma ko gcore suna kwashe ta cikin fayil a je a bincika a wani injin. Fayil ɗin yana ɗauke da duk abin da ke ciki a lokacin, har bayanan mutane, don haka ba abin jefawa a zauren hira ba ne.

Fita ma da ƙa'idarta. A gdb, detach yana mayar da baitocin da aka sauya ya saki furoses ya ci gaba, kill kuwa kashe shi yake. A WinDbg, q kaɗai yana tafiya da furoses ɗin gaba ɗaya, qd ne ke saki a fita. A Visual Studio a zaɓi Detach All, a nisanci Terminate All. Bayan an saki, a mayar da Ping Enabled zuwa True, a dawo da wa'adin Gunicorn da adadin ma'aikata da ptrace_scope yadda suke. Ƙofar Node da aka buɗe da sigina kuwa ba ta rufe kanta don ka cire dibaga, tana nan a buɗe har sai an sake kunna furoses ɗin, kuma ss -ltnp zai tabbatar maka ko 9229 ta ɓace daga jerin.